Sassaƙa Bakan Farko

Daga cikin sana'o'in hannu da kakanninmu suka riƙe da daraja, waɗanda zamani ya zo ya ture su gefe tun da bindiga ta yawaita, daji kuma ya ja da baya, babu wadda na fi jin takaicin dusashewarta kamar sana'ar yin baka. Domin kuwa ko da yake har yanzu akwai Sarkin Baka a garuruwa da yawa, ana kuma ganin 'yan baka da kwari a rataye ranar hawan salla, in ka nemi saurayin da zai shiga daji ya zaɓi itace da idonsa, ya sare, ya busar, ya fere shi da hannunsa har ya zama abin da ke aika kibiya inda aka nufa, sai ka sha yawo kafin ka same shi. Alhali kuwa sana'ar ba ta neman dukiya, ba ta neman injin. Gatari da wuƙa da igiya sun wadatar, muddin an haɗa su da natsuwa da sanin ƙa'idoji kaɗan, waɗanda su ne nake nufin in shimfiɗa a nan domin amfanin ɗan koyo.

Kada mai karatu ya zaci wannan wasan yara ne wanda bai cancanci tawada da takarda ba. Malaman sira sun tabbatar da cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, shi ne farkon wanda ya harba kibiya saboda ɗaukaka addini. A ranar Uhudu kuwa, shekara ta 3 bayan hijira, maharba 50 ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar bisa tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, yaƙin kuma bai juya ba sai bayan da mafi yawansu suka bar matsayinsu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi wa ilmin harbi dogon bayani cikin littafinsa Alfurusiyya. A wannan ƙasa tamu ma, ranar da jama'ar Shehu Usmanu suka haɗu da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, dawakin jama'a ba su wuce kimanin 20 ba, abokan gabansu kuwa suna da barade da 'yan lifida, amma 'yan baka na ƙasa ne suka tsaya har aka sami rinjaye. Abin da ya ɗauki irin wannan nauyi a tarihi ya cancanci a san yadda ake yin sa.

Mas'ala ta farko da ya wajaba ɗan koyo ya fahimta, tun kafin ya wasa gatari, ita ce halin da itace ke shiga sa'ad da aka ja tsarkiya. Baka yana da fuska biyu: bayansa, watau fuskar da ke duban abin da za a harba, da cikinsa, watau fuskar da ke duban maharbi. In aka ja, jijiyoyin itacen da ke baya miƙewa suke yi kamar za su tsinke, na ciki kuwa matsuwa suke yi suna cusa juna. Saboda haka illar da ke samun kowace fuska dabam ce, domin baya tsagewa yake yi farat ɗaya da ƙara mai firgitarwa, ciki kuwa murƙushewa yake yi a hankali har bakan ya rasa kuzarinsa. Daga nan ne babban sharaɗin sana'ar ya fito: ba a taɓa bayan baka da makami. Fuskar nan mai santsi da ke bayyana da zarar an ɓare ɓawo, wadda jijiyoyinta suka tafi daga tushe zuwa kai ba tare da yankewa ba, ita ce bayan baka kamar yadda Allah ya halicce ta, kuma ko ɗan sara ɗaya da wuƙa ta yi mata bisa kuskure ya isa ya zama wurin da za ta ɓalle wata rana. Dukan sassaƙa da kankara daga ciki ake yin su, sai kuma gefuna biyu.

Game da irin itacen kuwa, abin nema shi ne mai nauyi a hannu, mai tauri, wanda in an lanƙwasa reshensa aka saki sai ya koma yadda yake nan take. Dargaza da ɗunɗu suna daga cikin waɗanda aka daɗe ana yin baka da sanduna da su a ƙasashen nan, gora mai kauri ma tana yi. Abin sha'awa kuma, itacen nan da Larabawan dauri suka fi yabo wajen yin baka, wanda suke kira naba'u, masana tsirrai sun sanya shi cikin dangin dargaza. Rimi da kuka da cediya da sauran masu laushin jiki ba su da rabo a wannan aiki. Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi matashin itace miƙaƙƙe, mai kaurin santimita 4 zuwa 5, wanda aƙalla fuska ɗaya tasa ba ta da ƙulli ko gurbin reshe, ya kuma dubi ɓawonsa da kyau, domin in zanen ɓawon yana kewaya jikin itacen a murɗe, to, haka jijiyoyin ciki suke, bakan da aka yi da shi kuma zai yi ta murɗewa a hannu. Ya sari biyu ko uku, kada ya tsaya ga ɗaya. Kuma ya nemi izinin mai gona ko na hukumar daji, ya sara ta yadda kututturen zai sake toho, domin itatuwan nan sun yi ƙaranci, ba halal ba ne mutum ya ɓata abin jama'a saboda sha'awar kansa. Wanda yake birni, ba shi da hanya sai kasuwar katako, sai ya yi ta juya katakai har ya sami wanda layukan jikinsa suka tafi sak daga wannan kai zuwa wancan, ko da zai duba hamsin kafin ya dace da ɗaya.

Sai maganar tsawo, wadda nan ne na saɓa wa abin da idonmu ya saba gani. Bakan maharbanmu sau da yawa gajere ne, kuma yana da dalilinsa, tun da yake a cikin sarƙaƙiya ake yawo da shi, ba a ja shi da nisa, dogaron maharbi kuma bisa kusantar nama ne da dafin da ke bakin kibiya. Amma gajeren baka yana lanƙwasuwa ƙwarai, itacensa yana wahala, ba ya kuma yafe kuskuren mai sassaƙa ko kaɗan. Dogo kuwa yana raba wahalar bisa jiki mai yawa. Mutumin nan da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, an same shi da bakan da bai gama sassaƙawa ba mai tsawon santimita 182, alhali shi kansa tsayinsa kimanin 160 ne. Haka nan bakuna 137 da aka fitar daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, galibinsu sun kusa mita 2. Saboda haka ɗan koyo ya yanki itacensa daidai tsayinsa, ko ya ɗara kaɗan, watau santimita 170 zuwa 180 ga babban mutum. Kada kuma ya yi kwaɗayin ƙarfi. Bakan da nauyin jansa ya kai kilo 15 zuwa 18 in an ja shi santimita 70 ya isa koyon harbi, ya isa a yi alfahari da shi, kuma ya fi mai kilo 30 da zai karye ran farko fa'ida nesa ba kusa ba.

Ɗanyen itace ba ya zama baka, domin in an lanƙwasa shi da ruwa a jikinsa sai ya zauna a lanƙwashe har abada. Da an kawo shi gida sai a ɓare ɓawon da bayan wuƙa ko da wani abu marar kaifi, aikin da ya fi sauƙi da damina sa'ad da ɓawo ke saɓulewa da kansa, kana a shafe kawunan biyu da kakin zuma ko manne, don kada ruwa ya gudu ta nan da gaggawa itacen ya tsattsage. In akwai ɗan karkata, yanzu ne lokacin gyara ta, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shafa masa man kaɗe, a riƙa juya wurin bisa garwashi daga nesa har ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ba tare da ya babbake ba, a miƙar da shi a gwiwa, a riƙe har ya huce. Itacen da aka bari da kaurinsa yakan ɗauki watanni kafin ya bushe, amma wanda aka rage masa ciki tun yana ɗanye, aka ɗaure shi jikin azara ko wani katako miƙaƙƙe a cikin inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, makonni kaɗan sun ishe shi. Hanyar sanin ya bushe kuwa ita ce mizani: a riƙa auna shi bayan 'yan kwanaki, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya tsaya cik na mako guda, to, ya yi.

Sa'an nan a zana siffa da gawayi ko fensir. A nemi tsakiya a sa alama, a ware wurin riƙo gwargwadon tafin hannu, a bar faɗin itacen kimanin santimita 4 daga mariƙi har zuwa rabin kowane ɓangare, daga nan a riƙa tsuke shi sannu a hankali har ya koma santimita 1 da rabi a kai. Kaurin kuwa ya fara daga kimanin santimita 2 kusa da mariƙi, ya sauka zuwa ɗaya da 'yan kai a ƙarshe, cikin ya zama shimfiɗaɗɗe. Layin tsakiya ya bi jijiyar itacen duk inda ta karkata, kada a tilasta masa bin zaren da aka miƙe. Inda kuma aka tarar da ƙaramin ƙulli, a kewaye shi, a bar masa nama fiye da maƙwabtansa. Gatari ko gizago su yi aikin farko, magagari ya biyo baya. A nan akwai wani hisabi da ya kamata a haddace shi kamar karatun allo: in ka ninka faɗin itace sau biyu, ƙarfinsa sau biyu zai ƙaru, amma in ka ninka kaurinsa sau biyu, taurinsa sau 8 zai ƙaru. Ma'anar wannan ita ce ɗan abin da ka kankare daga ciki, wanda ido bai ma lura da shi ba, yana iya zubar da kilo da yawa daga ƙarfin bakan. Shi ya sa akasarin masu farawa, saboda hannunsu ya saba da gatari, sukan wayi gari da bakan da bai fi na yara ba.

To, yanzu muka iso ga zuciyar sana'ar, watau daidaita lanƙwasa, aikin da ke bambanta baka da sanda mai igiya. Maƙasudinsa shi ne kowane taƙi na itacen ya ɗauki rabonsa na wahala bisa adalci. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaukar jinka ya san yadda abin yake: in mutum goma suka kewaye ta kowa ya sa kafaɗa, sai ta hau kan ɗaki lafiya, amma in uku suka noƙe, nauyinsu bai ɓace ba, kan na kusa da su ya koma, shi ne kuma zai durƙushe. Haka wurin da ya yi tauri a jikin baka yake tura aikinsa ga wurin da ya fi shi sirantaka, wannan kuwa ya yi ta lanƙwasuwa fiye da ƙima har ya gaji.

Ana farawa ne da kafa kai ɗaya a ƙasa, a riƙe na sama da hannu ɗaya, a danna mariƙi da ɗayan, ana duban ɓangaren ƙasa ko ya fara ba da kai. In ɓangarorin biyu sun soma motsi, sai a ajiye gatari da magagari gaba ɗaya, a ɗauki wuƙa a tsayar da kaifinta bisa itacen ana kankara, ko kuma a yi amfani da fasasshiyar kwalba, wadda ke fitar da ɓawon itace siriri mai naɗewa, wanda in ka ɗaga shi sai ka hangi haske ta cikinsa. A yanka 'yan gurabe marasa zurfi a gefunan kawunan biyu, ban da ta baya, a ɗaura doguwar igiya mai sako-sako. Kana a sami wani katako mai tsawon kamu biyu, a yi masa gurbi a kai inda mariƙin baka zai zauna, a yi masa tsaga-tsaga a jiki bayan kowane santimita 5. Sai a ɗora bakan a kwance bisa kansa, a jawo igiyar a maƙala ta a tsaga ta kusa, a jingina shi da bango, a ja da baya taki biyar a duba. Bangon bulo ya fi dacewa, domin layukansa suna nuna maka wane kai ne ya fi sauka. Abin da ido ke nema shi ne lanƙwasa mai tafiya sumul kamar yanki na da'ira, ba kusurwa, ba kuma wurin da ya miƙe sak. Inda ya miƙe a shafa masa gawayi a kankare. Inda ya yi kusurwa a rubuta masa alamar hani, kada wuƙa ta ƙara kusantarsa har sai an rage duk abin da ke kewaye da shi. Idan ido ya yi shakka, a ɗauki ɗan guntun katako miƙaƙƙe mai tsawon taƙi guda a riƙa jan sa bisa cikin bakan: inda ratar da ke ƙarƙashinsa ta buɗe, lanƙwasa ta yi yawa, inda ta rufe kuwa, akwai sauran aiki. Na ga tsofaffin maharba waɗanda ba su bukatar ko ɗaya daga wannan, sai dai su sa itacen tsakanin babban yatsa da manuni, su ja daga mariƙi zuwa kai suna duban wani wuri dabam, yatsun su gaya musu inda kauri ya saɓa. Wannan baiwa ce da shekaru ke kawowa, mai farawa kuwa ya riƙi bango da gawayinsa.

Sharuɗɗa uku ne ke tsare wannan mataki, kuma yawancin bakunan da suka mutu a hannun masu koyo, saɓa wa ɗayansu ne ya kashe su. Kada a ja baka gaba da inda aka ga aibi, sai an gyara aibin. Kada a ja shi da ƙarfin da ya wuce wanda aka yi niyya tun farko, ko da sau ɗaya, ko da don a nuna wa aboki. A rataya sikelin nan mai ƙugiya na masu awo a jikin igiya, in allura ta kai kilo 18 a tsaya, ko da nisan jan bai wuce santimita 30 ba, a koma kankara, domin da haka ne nisan zai riƙa ƙaruwa tsaga bayan tsaga alhali nauyin yana nan inda yake. Na ukun kuwa, bayan kowace kankara a ja bakan a sassauta sau 20 ko 30 kafin a yi masa hukunci, saboda itace ba ya bayyana abin da aka yi masa nan take, wanda kuma ya yi gaggawar ƙara kankara bisa abin da ya gani da fari, sai daga baya ramin da ya haƙa ya fito masa. Kada kuma a bar shi a maƙale bisa katakon fiye da 'yan daƙiƙoƙin da ido ke bukata. In gajiya ta zo, ko rana ta yi sanyi haske ya ragu, a ajiye sai gobe. Gaggawa daga Shaiɗan take, kuma abin da wuƙa ta ɗebe ba ya komawa.

Sa'ad da kawunan suka riƙa sauka kimanin taƙi guda cikin daidaito, lokacin ɗaura tsarkiya ta gaskiya ya yi. Magabata da fata ko jijiyar dabba suke murɗa ta, kuma har yanzu wanda ya sami dattijon da zai koya masa wannan ya yi babban rabo, sai dai ta fata takan saki in ta sha laima. Kowace iri aka zaɓa, sharaɗinta shi ne kada ta riƙa miƙewa kamar roba, kuma ta iya ɗaukar aƙalla ninki huɗu na nauyin jan bakan, domin tsinkewar tsarkiya a tsakiyar ja takan tafi da bakan tare da ita. A fara ɗaura ta ƙasa-ƙasa, a ci gaba da dubawa da kankara, har a kai ratar da ke tsakaninta da mariƙi ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, watau kimanin santimita 15. A duba kuma ta bi ta tsakiyar mariƙi. In ɓangaren ƙasa ya ɗan fi na sama tauri kaɗan, wannan mustahabbi ne.

Kibiyar koyo kyauro ne miƙaƙƙe wanda ya ɗara nisan jan mai harbi da yatsa uku ko huɗu, don kada bakinta ya zamo ya soki hannun da ke riƙe da baka. Dafin kwankwani da makamantansa ba na ɗan koyo ba ne ta kowace fuska, kada ma ya shigo da shi gidan da yara suke. A yi harbi a fili, a sa buhun ƙaiƙayi a gaban tudu ko bango, a tabbata babu mutum ko dabba a bayansa, a kuma ɗaura 'yar fata a damtsen hannun hagu saboda dukan tsarkiya. Haramun ne a wannan sana'a a ja baka a saki ba kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da ita sai ya koma cikin itacen ya farfasa shi. Kuma kada a miƙa shi ga wanda ya fi mai shi tsawon hannu.

Bayan an yi harbi da shi kamar ɗari, aka ga lanƙwasarsa ba ta sauya ba, sai a goge shi da samfefa, a kashe kaifin gefunansa, a shafe shi da man kaɗe ko kitse sau da yawa, a kuma riƙa kwance tsarkiya duk lokacin da aka gama, a ajiye shi a kwance cikin inuwa. Masu wannan sana'a sun fi son ruwan da ya rage a jikin itace ya kasance kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, yanayin ƙasarmu kuwa yana kai shi gaba da baya: da hunturu iska takan busar da shi fiye da haka har ya yi gautsi, saboda haka a ƙara masa mai, a kuma ɗan motsa shi da gajeren ja kafin a cika hannu, da tsakiyar damina kuwa yakan sha laima ya yi sanyin jiki, sai a rage barinsa a ɗaure. In kuma an ji wata 'yar ƙara siririya daga jikinsa ana cikin ja, a sassauta nan da nan a bincika bayan da farce, domin sau da yawa ɗan sili ne ya ɗaga, wanda in an gan shi da wuri ana iya manne shi a naɗe wurin da jijiya ko zare mai ƙarfi. Idan kuwa ya karye duk da haka, kada a jefa gutsattsarin a murhu sai an karanta su: karayar da ta faro daga baya, a kan ƙulli ko tabon wuƙa, tana nuna laifin zaɓe ko na ɓare ɓawo, 'yan layukan da suka gitta cikin bakan a wuri ɗaya suna nuna nan ne aka bar wa nauyi shi kaɗai, karayar da ta tashi guntu-guntu ba tare da dogayen silla ba kuwa alama ce ta itacen da ya bushe ƙwarai ko wanda ƙwaro ya riga ya ci. Da wannan sanin ne za a ɗauko itace na biyu, wanda ya daɗe yana bushewa a jikin azara, a sa masa alamar tsakiya.